Filin Gudu da Filin Tsayawa

Ranar Asabar 21 ga watan Yuni na shekarar 2008, wani mutum da ake kira Scott Kalitta ya rasa ransa a filin tseren motoci na kusa da garin Englishtown, cikin jihar Niyu Jasi ta ƙasar Amurka. Shekarunsa 46 a duniya. Ban san shi ba, ban taɓa jin sunansa ba kafin wannan lokaci, kuma da a ce an tambaye ni wane irin wasa ne yake yi, da ba ni da amsar bayarwa. Amma ga shi shekaru sun tura, furfura ta soma fito mini, ina nan ɗauke da mutuwar wannan baƙo kamar ta wani ɗan unguwarmu. Mai karatu yana da damar ya tambaya: mene ne haɗin malamin Faransanci da Hausa na wata lise ta Nijar da ɗan tseren motocin Amurka? Amsar tana da ɗan tsawo, sai a yi mini haƙuri.

A wancan lokaci ina cikin shekaruna na farko na koyarwa. Damina ta kama, muna tsakiyar gyaran takardun jarrabawar ƙarshen shekara, idanu sun gaji da jan alƙalami. Da dare nakan je gidan wani maƙwabcinmu mai telebijin da ke kama tashoshin waje, inda dattawa da samari ke taruwa bisa tabarma ana shan shayi. Kwana ɗaya ko biyu bayan abin ya auku, a ƙarshen labaran wasanni, aka nuna hoton. Bai kai rabin minti ba. Motoci biyu suka tashi tare, ɗaya ruwan ɗorawa ce. Kafin ƙiftawar ido wuta ta tashi daga gabanta, rufin jikinta ya tarwatse, amma ƙarfen da ya rage bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya yana ƙanƙancewa cikin hoton har ya kai ƙarshen filin, sannan wata wuta ta biyu ta yi sama.

Wuri ya ɗauki salati. Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya girgiza kai ya ce: "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Aka gyaɗa kai, aka koma ga shayi. Ƙanena, wanda a lokacin yaron gareji ne wurin wani mai gyaran babura, hannunsa kullum baƙi ƙirin da man inji, bai ce uffan ba sai da muka kama hanyar gida. A nan ne ya ce mini: "Yaya, ka lura kuwa? Lokacin da wutar nan ta tashi mutumin yana da rai. Fili ne ya ƙare masa." Na yi dariya, na ce ya bar wa malamai falsafa, shi ya kula da ƙarafansa. Sai daga baya, da na bi diddigin labarin da Faransanci da kuma ɗan Ingilishin da nake tsinta, na gane yaron gareji ya riga ni fahimtar abin da ya faru.

Ya kamata in bayyana wasan, tun da ba mu da shi a nan, ba mu ma da sunansa. Faransawa suna kiransa tseren ƙara wuta; ni a Hausa na fi son in ce tseren miƙe, domin babu kwana a cikinsa, babu zagaye. Motoci biyu ne suke jeruwa a kan hanya madaidaiciya, fitilu na saukowa bisa wani sanda da ke tsakaninsu, kore na kamawa su tashi. Tun asali nisan kwatan mil ne, wato ƙafa 1,320, daidai da mita 402. Manyan motocin iri biyu ne. Akwai Top Fuel, doguwa siririya mai inji a bayan direba, akwai kuma Funny Car, gajera, wadda aka kifa mata rufi mara nauyi mai kama da motar gida, injinta kuwa a gaban direba yake. Ba fetur suke sha ba, wani sinadari ne mai suna nitrometan, wanda ke ba inji ƙarfin dawaki dubbai, yakan kuma fasa shi in abu kaɗan ya kauce. A 2008 waɗannan motoci suna gama mita 402 cikin ƙasa da daƙiƙa 5, suna isa layin ƙarshe da gudun da ya kai kilomita 480 a awa ko ya ɗara. Ma'ana, cikin daƙiƙa guda motar tana cinye mita 130 da ɗoriya, fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa.

Abin da ke tafiya haka, birki kaɗai ba ya tsayar da shi. Shi ya sa kowace mota take da laima biyu a naɗe a bayanta, irin ta sojan da ke dirowa daga jirgi, direba yana sakinsu da zarar ya haye layi. Bayan layin akwai wata doguwar kwalta ta rage gudu, bayan ita akwai ramin yashi, bayan yashi akwai raga mai tare mota. Ashe ke nan kowane filin tsere fili biyu ne a haɗe: filin gudu da filin tsayawa. A gefen na farko ne ake gina rumfunan ƴan kallo, a nan ake kafa allunan talla da agogon da ke nuna wanda ya ci. Na biyun babu mai sayen tikiti don ya zauna kusa da shi. Ba a tafi a can, ba a ba da kyauta a can, amma a can ne ake sanin ko direba zai koma gida.

Scott Kalitta ba sabon shiga ba ne, balle a ce rashin sani ya ja masa. Ɗan jihar Mishigan ne, an haife shi a 1962 cikin gidan tsere. Mahaifinsa, Connie Kalitta, tsohon gwanin wasan ne, kuma mai kamfanin jiragen sama na dakon kaya. Scott ya zama zakaran Top Fuel shekara biyu a jere, 1994 da 1995, ya ci manyan gasa 18 a rayuwarsa. Ya taɓa aje tuƙi ya koma ga iyalinsa da harkokinsa, sannan ya dawo, a ƙarshe ya koma tuƙa Funny Car ta ƙungiyar mahaifinsa. Ranar da ajali ya zo, ba ma gasar kanta ake yi ba, zagayen ƙarshe ne na gwajin da ake jera direbobi da shi. Yana dab da layi, cikin gudun kusan mil 300 a awa, injin ya fashe. Fashewar ta ɓata laimomin, ba su buɗe yadda ya kamata ba. Motar ta cinye kwaltar rage gudu, ta ratsa ramin yashi, ta bugi wani turke da aka cika da siminti wanda ke riƙe da ragar tsaro, sannan ta afka wa wata babbar na'urar ɗaga kaya da aka girke a wurin. Aka kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Ya bar mata da ƴaƴa maza biyu, ya bar tsohon mahaifinsa da ke nan filin a wannan rana.

A lura da abin da ya buga. Turken nan an kafa shi ne don ya riƙe ragar da za ta ceci direba. Na'urar nan kuma mutum ne ya tuƙo ta ya aje a inda take. Babu ɗaya cikinsu da ya faɗo daga sama.

Washegari Lahadi aka ci gaba da gasa, kamar yadda al'adarsu take. Wanda jadawali ya haɗa da Kalitta a zagayen farko shi ne Robert Hight. Ma'aikatan Kalitta suka zo suka tsaya a layin tashi, a gefen da motarsu ya kamata ta tsaya, babu mota. Kore ya kama. Hight, wanda ke zaune cikin motar da za ta iya gama filin cikin ƴan daƙiƙu, bai taka wuta ba. Ya bar ta ta gangara a hankali, kamar mai rakiyar gawa, har ƙarshen fili. Duk lokacin da na tuna wannan, nakan ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Mutanen da dukan rayuwarsu sauri ce, da suka tashi yin ta'aziyya ba su sami abin da ya fi tafiya a hankali ba.

Ta'aziyyarsu ba ta ƙare a nan ba, kuma wannan ne ya fi jan hankalina. Kafin mako biyu su cika, hukumar da ke kula da wasan, NHRA, ta ba da sanarwar rage nisan tseren Top Fuel da Funny Car daga ƙafa 1,320 zuwa ƙafa 1,000, wato kimanin mita 305, tun daga gasar Denba ta watan Yuli na wannan shekara. Aka yanke ƙafa 320 daga filin gudu aka ƙara wa filin tsayawa. Ga wanda ke waje wannan ƙaramin abu ne, kusan mita 98 kawai. Ga masoya wasan kuwa kamar a ce da ƴan kokowar gargajiya daga yau an canja faɗin da'irar da kakanninsu suka kara a ciki. Kwatan mil shi ne ma'aunin da aka rubuta dukan tarihinsu da shi, da yawa sun yi gunaguni, wasu har yau ba su huce ba. An ce matakin na wucin gadi ne, amma har yanzu da ƙafa 1,000 ake tseren. Aka kuma sake fasalin ramukan yashi da ragogi, aka sa wa motoci wata na'ura da ke yanke mai ta saki laima da kanta idan inji ya fashe, domin an gane cewa mutumin da wuta ta rufe wa ido, ko ya suma, ba za a jira hannunsa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina so in mai da Amurkawa waliyyai. Ihu bayan hari suka yi, kamar kowa. Alamun sun daɗe a fili. A 1964 ne Don Garlits ya kafa tarihin haye mil 200 a awa, kimanin kilomita 322. Shekara guda bayan haka, a 1965, aka buɗe filin Englishtown. A 1992 Kenny Bernstein ya haye mil 300 a garin Gainesville na jihar Filorida. Inji kullum ƙaruwa yake yi, domin akwai masu kuɗi da masu ilimi da ke kwana suna tunaninsa. Ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Filayen da aka auna don motar zamanin uba, su ne aka ci gaba da sakin motar zamanin ɗa a kansu. Kuma duk wanda ya yi darasin lissafi ya san cewa in gudu ya ninka biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya ninkawa huɗu yake yi. Kafin Kalitta ma an yi rashi. Blaine Johnson ya mutu a 1996, Darrell Russell a 2004, sai Eric Medlen a watan Maris na 2007, yana da shekara 33, bayan haɗarin da ya yi wurin gwaji a Gainesville, a cikin motar da mahaifinsa John Medlen ne shugaban masu gyaranta. Kowace gawa ta kawo nata gyaran. Kusan kowace doka ta tsaro a wannan wasa akwai sunan mamaci a bayanta.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin abubuwan ban mamaki na ƙasashen nesa da mutum ke ba da labarinsu a majalisa. Abin da ya kawo shi ƙofar gidana ya faru ne a 2015.

A bakin garin da nake koyarwa akwai wata kwalta miƙaƙƙiya, ba ta cika cunkoso ba da yamma. Samari sun mai da ita wurin haɗuwa ranar Lahadi bayan la'asar. Su ma biyu-biyu suke jeruwa bisa babura, wani ya ɗaga hula ya sauke, su tashi. Ba su taɓa jin sunan NHRA ba, amma wasan ɗaya ne, kuma zuciyar da ke tura su ɗaya ce. Alamar ƙarshen tserensu wani itacen bedi ne. Gaba kaɗan da bedin hanya ta karkata, a daidai karkatar kuma akwai wata ƴar gada mai kafaɗun siminti. Babu mai hular kwano a cikinsu. Na bi ta wurin har sau biyu ina dawowa daga ƙauye, kuma a karo na biyu na ga wani ɗalibina a cikin layi, yaro mai shekara 17, wanda ya fi kowa iya karanta Faransanci da murya a ajinsu, mai yawan tambaya har yakan gajiyar da ni. Ya gan ni, ya sauko daga babur, ya rusuna ya ce: "Mushe, ina wuni." Na amsa, na yi murmushi, na ce masa kada ya manta da aikin da na ba su na ranar Litinin. Iyakar abin da na ce ke nan. Na tuna aikin gida, ban dubi gadar ba.

Bayan mako uku aka zo aka faɗa mini. Ya ci tseren, ya haye bedin yana gaba, babur ya ƙi tsayawa. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Wurin zaman makoki na tarar da ƙanena a can gefe, ya haɗa kai da gwiwa. A lokacin ya riga ya buɗe garejin kansa, har yana da yara. Ban san yana da wata alaƙa da marigayin ba sai da dare, da ya zo ɗakina ya zauna ya daɗe bai yi magana ba. Daga bisani ya ce: "Yaya, ni na gyara masa babur ɗin." Ashe yaron ya kawo masa ne don a ƙara masa gudu, ya buɗe masa abin da zai buɗe, ya cire abin da zai cire, inji ya tashi yana kuka yadda samari ke so. Ya ga birkin ya cinye, ya faɗa masa. Yaro ya ce kuɗinsa sun ƙare, birki sai wani mako. Ƙanena ya karɓi kuɗin aikinsa ya bar shi ya tafi. "Ni ne fa na ce maka fili ya ƙare wa Bature," in ji shi, "ga shi na sallami yaro ba tare da na tambaye shi inda zai tsaya ba." Ban iya ba shi haƙuri ba, domin laifinmu iri ɗaya ne. Shi ya ga birki ya yi shiru, ni na ga gada na yi murmushi.

Kwana uku na zauna a wurin makokin nan ina sauraron kalmomin da muke gaisa da su, ni da aikina koyar da kalmomi ne. "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." "Kwana ne ya ƙare." "Sai haƙuri." Ban ƙi ko ɗaya ba. Na yi imani babu ran da ke wuce wa'adinsa, kuma na ga yadda waɗannan kalmomi suke riƙe uwa da uba kada su zube. A wurin makoki su ne daidai. Damuwata ita ce mukan fito da su daga wurin makoki mu kai su inda ba nasu ba, mu lulluɓe tambaya da su. Hausa tana da tsautsayi, tana kuma da sakaci, kuma kakanninmu da suka ƙirƙiri kalmomin biyu sun san abu biyu suke nufi. Tsautsayi shi ne abin da ya zo bayan ka ɗaure dabbarka. Sakaci shi ne ka bar igiya a rataye. Wanda ya kira sakaci tsautsayi ya yi wa harshe ƙarya, ya kuma shirya makoki na gaba.

Nakan nuna wa ɗalibaina wasu kalmomi biyu a allo don su gane amfanin ƙugiyar harafi: hadari da haɗari. Na farko shi ne gajimaren da ke haɗowa daga gabas, na biyu shi ne abin da ke cin rai a kan hanya. Dā nakan koyar da su ne don a bambanta su. Tun daga 2015 nake ganin kusancinsu ya fi bambancinsu. Yawancin haɗari yakan haɗo kamar hadari, a ga duhunsa, a ji iskarsa, mai hankali ya kwashe shanya. Turken simintin Englishtown ya daɗe a tsaye kafin ranar Asabar ɗin nan. Gadar bakin garinmu ta girmi yaron da ta kashe.

Bayan sadakar bakwai na koma wurin ni kaɗai, na auna da ƙafata daga gindin bedin zuwa kafaɗar gadar. Taki 48 na samu. Babur mai tafiyar kilomita 90 a awa yana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda, kuma kusan daƙiƙa guda mutum ke ɗauka kafin hannunsa ya bi umarnin idonsa. Ke nan kafin yaron ya matsa birki fiye da rabin filin ya tafi, ko da birkin sabo ne. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan aji uku na koleji ba. Babu wanda ya yi shi, har da ni.

Abin kunyar shi ne ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Ina yaro a Damagaram nakan bi manya kallon hawan salla, in ga mahaya sun sako dawaki da sukuwa sun nufi inda sarki yake, kamar za su bi ta kansa, sai a taki na ƙarshe su ja linzami, doki ya zauna bisa ƙafafun baya, ƙura ta tashi, su ɗaga hannu su yi jinjina. Guɗa ba ta tashi sai a wannan tsayawar. Kowane yaro yana iya sakin doki. Wanda ya iya tsayar da shi a inda ya ga dama shi ake kira mahayi. Muka karɓi inji daga hannun wasu, muka ɗauki sukuwar muka bar linzamin.

Ba na cikin masu cewa a hana samari son gudu, domin na san ba ya hanuwa. Hukumar NHRA kanta, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 a jihar Kalifoniya, an kafa ta ne don a kwashe matasa daga tsere a kan titunan gari a kai su wurin da ke da doka, da mai duba mota, da motar asibiti a gefe. Wannan dabara ce ta mutanen da suka yarda cewa yaro zai yi gudu ko an so ko an ƙi, saboda haka gara a zaɓa masa wuri. Sai dai labarin Kalitta ya nuna cewa zaɓen wuri ba aikin rana ɗaya ba ne. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a watan Yuni na 2010, wani direba mai suna Neal Parker ya mutu a ƙarshen wannan fili na Englishtown, cikin wani rukunin motoci da ba a rage wa nisa ba. A farkon 2018 masu filin suka daina shirya tseren miƙe a cikinsa. Injiniyoyi kuma ba su yi barci ba: gudun da ake kaiwa yanzu cikin ƙafa 1,000 ya wuce wanda ake kaiwa dā cikin 1,320, har an haye mil 340 a awa. Abin da aka ƙara wa filin tsayawa, inji yana bin sa yana ci. Duk da haka gyaran bai tafi a banza ba. A watan Yuni na 2024 injin John Force, tsohon zakara mai shekara 75, ya fashe cikin gudun kusan mil 300 a jihar Bajiniya, motarsa ta bugi bango, ya ji mummunan rauni a ka, amma ya rayu. Wani ɓangare na ransa bashi ne da matattu suka biya masa.

Mahaifin Scott bai rufe ƙungiyarsa ba. Motar ruwan ɗorawa ta ci gaba da fita da wasu direbobi, har ta ci kambun shekara a 2015, kuma a 2023 ɗan'uwan marigayin, Doug Kalitta, ya zama zakaran Top Fuel bayan shekaru masu yawa yana nema. Ba ni da bakin yanke wa wannan tsoho hukunci, ko in ce ƙarfin hali ne ko taurin kai. Na dai san ciwon wanda ya sa hannu a cikin injin da ya tafi da wani, domin ina ganinsa a fuskar ƙanena.

Shi ƙanena yau yana da doka a garejinsa. Duk babur ɗin da aka kawo, ko fitila aka zo canjawa, birki yake fara taɓawa, kuma in bai gamsu ba ba ya sakin makulli, ko da mai shi zai yi fushi ya koma wani wuri. Wasu sun koma ɗin. Ni kuma a farkon kowace shekara nakan saci rabin awa daga darasin nahawu in rubuta lissafin taki 48 a allo, in bar ɗalibai su yi shi da kansu. Wasu suna dariya, suna cewa Mushe ya koma malamin lissafi. Na kan bar su su yi dariyarsu, in dai sun kai ga amsa. Mun kuma je, ni da wasu iyaye, mun yi magana da samarin bakin gari. Ba su daina ba, amma sun matsar da alamar ƙarshen tserensu baya, nesa da gadar, kuma ƴan kaɗan sun sayi hula. Ban ce wannan ya isa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu sai da namu ya ƙone muka nemi buta.

Gadar tana nan inda take, bedin ma yana nan, ya ƙara inuwa. Takardar aikin gida ta ƙarshe da yaron ya ba ni tana cikin akwatina, da jan alƙalamina a kanta, na gyara masa kuskure biyu na rubutu. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri, ya sanyaya zuciyar duk uban da ya ga ɗansa ya haye layi bai dawo ba. Mu da muka rage kuma, kafin mu tafa wa mai gudu, Allah ya ba mu ikon takawa zuwa ƙarshen fili mu ga abin da ke tsaye a can.